Farfela Marar Rami

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Kuyambana wajejen shekarar da aka yi canjin kuɗi, ba sai an nuna masa Malam Nasidi ba, muryarsa ma ta isa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hula kullum a karkace, baki kuwa kamar rediyon da makashinsa ya lalace. Shekara ashirin da biyar ya yi yana sayar da rake a bakin ƙofar, kuma tsakani da Allah a wannan fanni ba a ja da shi. Zai ɗaga sandar rake ya jinjina ta, ya ƙwanƙwasa ta da bayan wuƙa, ya kara kunne, nan take ya faɗa maka ko tsutsa ta yi mata rami a ciki. Matsalarsa guda ce tak: ya ɗauka duk abin da ke duniyar nan rake ne.

Yana da yaya mace, Hajiya Jummai, dillaliyar randuna da tukwane, mace mai kazar-kazar wadda ba ta maimaita magana. Daga wani ƙauye da ake kira Rafin Jalo take saro kayanta, ga shi hanyar garin da damina sai dai a kira ta hanya don kara. Da aka yi gwanjon tsofaffin motocin ma'aikatar gona, sai Hajiya ta sayi wata koriyar Landiroba, ta miƙa wa Nasidi makulli, tunda ƙaninta ne kuma ya taɓa yin lasin. Shi ke nan fa! Ranar ya sallami rake, ya sayi baƙin gilashi, ya sanar a majalisa cewa daga yau sunansa Injiniya.

Mako uku aka yi lafiya. A na huɗu, yana wucewa ta gaban masallacin unguwa ana fitowa daga La'asar, ya sako hannu ta taga yana ɗaga wa jama'a, sai aka ji ƙwal-ƙwal-ƙwal, garam! Mota ta tsaya cak, inji na ta gurnani shi kaɗai. Aka leƙa ƙasa, ga farfelar baya kwance a turɓaya, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke ɗauko juyin inji daga giya ta kai wa tayoyi.

Aka kirawo Bahago, bakaniken Ƙofar Galadima, wani dogon mutum marar yawan magana wanda ya shekara goma sha takwas yana tuƙa irin waɗannan motoci a ma'aikata. Ya shiga ƙarƙashi, ya fito, ya goge hannu.

"Injiniya, yaushe rabonka da ba ta giris?"

"Giris?" in ji Nasidi. "Ƙarfe ne fa, Bahago, ba faso ba, da za a riƙa shafa masa mai."

Bahago ya haɗiye abin da ya zo masa baki. Ya ce, "To ta mutu, sai wata. Ka je Sabon Gari. Ka nemi mai tsawon wannan daidai, ka mirgina ta a siminti ka ga ba ta lanƙwashe ba. Gaɓoɓinta na kai da gindi su juya sumul, kada su yi kwal-kwal. Akwai wurin da take shiga tana fita, ka tabbata yana zamewa da kyau, don shi ke ba ta numfashi in mota ta faɗa rami. Ko kuwa in raka ka?"

"Ka raka wa?" Nasidi ya zare gilashi. "Ni za a koya wa zaɓen sanda? Tun kana wasan ƙasa nake zaɓen sanda, malam!"

Duk abin nan Hajiya Jummai na tsaye a bakin zaurenta da ke kusa da masallacin tana ji. Ta gyara mayafi ta ce, "Kai Nasidi, saurara da kyau. Ranar Alhamis randa arba'in na jirana a Rafin Jalo, matan da suka yi odarsu kuma za su jira ni a bakin ƙofa da La'asar. In randunan nan suka iso lafiya, makulli naka ne har tsufa. In ba su iso ba, Bahago zan ba. Na gama."

Ta shige abinta. Nasidi ya yi dariyar ƙarfin hali. Duk shekarun da ya yi yana feren rake ba wanda ya taɓa ce masa ranka ya daɗe, sai da ya riƙe makullin nan. A ce kuma a ɗauka a ba Bahago, yana ji yana gani? Ya rantse a ransa sai ya samo farfelar da jikokin Hajiya ma za su gada.

Washegari da hantsi ya dira Sabon Gari, tsohuwar farfela a kafaɗa, wuƙar rakensa a aljihu. Ya shiga shagon wani Adamu mai kayan gyaran mota, ya yi sallama da murya irin ta manya. Adamu ya ciro masa wata sabuwa dal a takardarta, sai ƙyalli take. Nasidi ya jinjina ta, ya ɓata fuska. Ya zaro wuƙa ya ƙwanƙwasa ta da baya, ya kara kunne. Ta amsa, ƙwal!

"Rami!" Nasidi ya daka tsawa har maƙwabtan shago suka leƙo. "Akwai rami a cikinta!"

"E mana, Malam, ai haka ake yin ta. Bututu ce."

"Haka dai kuke cutar bayin Allah. A sayar wa mutum da fanko a ce masa ƙarfe! Kawo wata."

Adamu ya kawo wata, ƙwal. Ya kawo ta gwanjo mai lafiya, ƙwal. Sai da Nasidi ya ƙwanƙwashe farfela bakwai, kowace ya yi mata tsaki ya jingine. A ta bakwai ya ja wurin nan da Bahago ya ce yana shiga yana fita, ya ga ya zame.

"Jama'a ku zo ku gani! Tun a shago ma ta fara zarewa. Wannan kuma mene ne?" Ya nuna wasu 'yan ƙananan ƙarafa da aka manna a jikinta. "Faci! Sabuwa da faci!"

"Ba faci ba ne," in ji Adamu, ya fara gumi. "Saiti ne, don kada ta yi rawa in tana juyawa. Baturen da ya ƙera ta ne ya sa."

"Baturen ya taɓa shan rake?"

Adamu ya girgiza kai. Ya tattara kayansa ya mayar kan kanta ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Malam, Allah ya haɗa ka da rabonka. Amma don Allah kar ka ce daga nan ka fito."

Nasidi ya bar wurin yana ta sababi shi kaɗai. Ƙafa ta kai shi wajen 'yan gwangwan, masu tara tsofaffin ƙarafa a bayan layin dogo. Nan idonsa ya faɗa kan wata ƙatuwar sandar ƙarfe kwance a ciyawa, kaurinta ya kai cinyar ƙato, wai ta tsohon injin gurzar auduga ce. Ya durƙusa ya gwada ɗagawa, ko motsi ba ta yi ba, sai bayansa ne ya ce ƙas. Ya ƙwanƙwasa ta, ta ce dum, ba amo ba komai. Wallahi har da 'yar ƙwallarsa don murna.

"Ga ta nan," ya ce a hankali, yana shafa tsatsar. "Tun daga kai har gindi ba inda tsutsa ta taɓa."

Ƙarti huɗu suka ɗora ta a kura, aka turo ta cikin birni, Nasidi na gaba yana kora mutane kamar mai rakiyar amarya. To lungunan birni kun san su, ga sandar ta fi kurar tsawo. A kwanar farko ta zungure kwanon mai ƙosai. A ta biyu ta yaga labulen wani zaure ta tafi da rabinsa. A ta uku kuwa ta iske Malam Yari, maƙwabcin Nasidi mai wankin hula, ya jera huluna talatin a kan ƙoƙunansu suna shan rana, ta share su kaf cikin kwata.

Malam Yari ya miƙe, buroshi a hannu. "Inna lillahi! Nasidi, wane masallaci za a kafa wa ginshiƙi?"

"Farfela ce, jahili."

"Ta jirgin ƙasa?"

"Ta motata. Ka tsince hulunanka, in na yi arziki in saya maka injin wanki."

Aka zarce wurin Labaran mai walda. Nasidi ya ce a yanke kai da gindin tsohuwar farfela, a liƙa su a jikin sandar. Labaran ya zagaya ta sau biyu yana sosa ƙeya.

"Injiniya, wurin zamewar fa? Shi ma in sa?"

"Jefar da shi. Abin da ke shiga yana fita munafuki ne, ba na son sa a motata."

"Tsawon fa? A kawo tef a auna."

"Wane tef? Na auna da hannuna, kamu biyu da taƙi ɗaya."

Ya auna ɗin kuwa, amma lokacin motar na ɗage a kan duwatsu, tayoyin baya na reto, don haka awon ya wuce da kusan yatsa uku. Labaran dai ya ce shi aikinsa ya liƙa, ya sa gilashinsa ya liƙa. Da ya gama, sai ga kan ya ɗan kauce gefe. Ya nuna wa Nasidi, Nasidi ya kanne ido ɗaya ya duba, ya ce kaucewar da sai an kanne ido ake ganinta ba kaucewa ba ce, mota kuwa ba ta da ido.

Sa ta a jikin mota shi ne yaƙi. Aka sauke motar daga kan duwatsu, sanda ta ƙi shiga. Aka ari taɓarya biyu daga gidan Hajiya aka yi ta ɗanawa, ɗaya ta karye. Mutum shida suka kwanta a ƙasa suna nishi, Nasidi na tsaye a inuwa yana ba da umarni. Da ƙyar da salati aka cusa ta, aka ɗaure notuna, motar ta yi wani irin tsayuwa, baya ya ɗan ɗage kamar tunkiyar da ke shirin tunkuyi.

Ana cikin haka Bahago ya zo wucewa a kan kekensa. Ya tsaya, ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Injiniya, ka bar wasiyya?"

"Hassada ce ke cin ka, Bahago. Wannan ko giwa ta taka ta sai dai giwar ta yi targaɗe."

"Ita kam ba abin da zai same ta," in ji Bahago. "Motar nake tausaya wa." Ya hau kekensa ya yi gaba.

Ranar Alhamis da sassafe unguwa ta taru. Malam Yari ya huce, har ya roƙi a rage masa hanya, zai je duba surukinsa a wani ƙauye kusa da Rafin Jalo. Ya sa babbar riga ya shige gaba. Nasidi ya karanta addu'ar hawa da ƙarfi don kowa ya ji, ya murza makulli, ya sa giya, ya saki kuloci.

Kai jama'a! Ba a taɓa jin irin wannan ba a Ƙofar Kuyambana. Motar ta ɗauki rawa tun daga hanci har wutsiya, gir-gir-gir-gir, ƙasa na amsawa. Yaɓen katangar Hajiya ya ɓanɓaro ya zubo. Kaji suka haye rufin ɗaki. Wata tsohuwa ta fito da ƙwaryar dawa a ka, tana tambayar wa ya kafa injin niƙa bai sanar ba. Madubin gefe ya faɗi tun ba a bar layi ba.

"Nasidi!" Malam Yari ya yi ihu, haƙoransa na haɗuwa. "Tsaya! Wani abu ya lalace!"

"Ƙarfi ne!" in ji Nasidi, kumatunsa na kaɗawa, gilashi ya gangaro kan hanci. "Da can ba ta ƙoshi ba. Yanzu ne ta san an sa mata ƙarfe!"

Suka fita ƙofa suka kama hanyar daji. Kafin su yi mil uku, tayar safaya da ke ɗaure a kan bonet ta kwance kanta, ta gangara gonar gero. Nasidi ya ce nauyi ne ya ragu. A mil na biyar ƙofar ɓangaren direba ta ɓalle ta faɗa kwari. Nasidi ya ce dama zafi ya ishe shi. Goron da ke aljihun Malam Yari ya yi ta tsalle yana fita ɗaya-ɗaya, hularsa ta sauko ta rufe masa ido, ya ɗaga, ta sake saukowa.

Da suka zo wata tsamiya Yari ya damƙi hannun Nasidi. "Don girman Allah sauke ni nan."

"Saura mil shida fa!"

"Na ji. Gara in isa gobe da haƙorana a baki."

Ya sauka yana tangaɗi, ya rungume tsamiyar, ya ce wa Nasidi har yanzu ƙasa ba ta daina rawa ba. Nasidi ya kira shi matsoraci, ya ja mota.

Abin haushi, sai Allah ya ba shi sa'a. Ya faɗa taɓo, mota ta yi ta karkarwa har ta fice. Ya shiga rafi, ruwa na tafasa kewaye da ita saboda girgiza, ta haye. Nan kan Nasidi ya ƙara girma. Ya fara tsara yadda zai buɗe kamfani a Tudun Wada, Nasidi da 'Ya'yansa, Masu Farfela Marar Rami, ya ɗauki Bahago mai share gareji.

A Rafin Jalo tun daga nesa aka ji shi, mata suka kwashe yara suka shige gida. Mariyamu, tsohuwar da ke shugabantar maginan tukwane, ita ta yi ƙarfin halin fitowa. Ga randuna arba'in an jere a gindin kuka, jajaye, masu sheƙi, kowace an zana mata ado a wuya. Ta dubi motar, ta dubi randunan.

"Ɗan nan, a cikin wannan za ka zuba su?"

"Iya, wannan motar yanzu ta fi gadon asibiti laushi."

"To me ya sa hannunka ke rawa, ga shi ka kashe ta?"

"Sanyin rafi ne."

Mariyamu ba ta yarda ba, amma kayan Hajiya ne, ba yadda za ta yi. Ta sa aka shimfiɗa ciyawa mai kauri, aka cusa ƙaiƙayi tsakanin randa da randa, aka rufe da tamfol aka ɗaure. Ta riƙe gefen motar ta ce, "Wata biyu muka yi muna ginin su, ɗan nan. Don Allah ka tafi a hankali."

Nasidi ya yi alkawari, ya kuma cika shi na tsawon mil ɗaya. Daga nan ya lura in ya tafi a hankali rawar ƙasa da sama take yi, in ya taka mai kuwa sai ta koma wani irin zuuu mai sa kunne ƙaiƙayi. Ya yanke hukunci cewa gudu shi ne maganin abin. Ya taka. Can ya ji ƙas a baya, sannan ƙas-ƙas, sannan wani rugugi. Ya gyaɗa kai cike da gamsuwa, ya ce randunan ne ke gyara zama. Bayan ɗan lokaci ƙarar ta koma shuu-shuu kamar ana rairayar tsaba, ya ce to, yanzu kowace ta sami wurinta.

Da La'asar bakin Ƙofar Kuyambana ya cika. Ga Hajiya Jummai a kan kujerarta, ga matan da suka yi oda kowace da gammonta a hannu, ga Bahago jingine da keke, ga Labaran mai walda, ga 'yan kallo da labari ya jawo. Tun motar ba ta bayyana ba ruwan da ke cikin butar Hajiya ya fara rawa.

Nasidi ya hango taron, daɗi ya kama shi har wuya. Ya gyara gilashi, ya danne hon, ya ƙara wuta don a ga yadda Injiniya ke shigowa gari. To dab da ƙofar akwai wani kwararo da ruwan sama ya haƙa a tsakar hanya. Da safe a hankali ya bi ta kansa. Yanzu kuwa a guje ya afka.

Tayoyin baya suka faɗa suka yi sama, sandar ta nemi wurin numfashi ta rasa. Sai ta tunkuyi giya da dukan ƙarfinta. Aka ji wata ƙara kamar an fasa dutse. Kan sandar ya tsinke ya faɗo, ya caki ƙasa ya nutse. Bayan motar ya tashi sama, sama, har aka ga cikinta gaba ɗaya, tayoyi na juyawa a iska. Mata suka sa salati. Ta ɗan tsaya a can kamar mai shawara, sannan ta tsallake sandar ta dawo ƙasa, rim! Nasidi ya fito ta inda ƙofa take a da, ya mirgina sau biyu, ya tsaya a zaune gaban Hajiya.

Ƙura ta lafa. Baƙin mai na bulbulowa daga cikin motar yana bin gangare. A tsakiyar hanya kuwa ga sandar nan a kafe, ta ɗan karkata, ita kaɗai.

Nasidi ya miƙe ya kakkaɓe jamfa. Gilashin saura ido ɗaya. Bai ko kalli motar ba, ya nufi sandar da ɗingishi, ya zagaya ta, ya shafa, ya juyo ga jama'a fuskarsa na haske.

"Ku matso ku duba! Ko ƙwarzane! Ko lanƙwasa! Bahago, zo ka faɗa da bakinka, ta karye?"

"Ba ta karye ba," in ji Bahago.

"Kun ji ko! Da fankon Sabon Gari ne, da yanzu ya zama garin ƙarfe."

Bai rufe baki ba murfin bayan motar ya buɗe don kansa. Abin da ke ƙarƙashin tamfol ya fara zubowa, shaaa, jan gari da tsingaro da ƙaiƙayi, ya yi tsibi har gwiwa. Aka jira ko randa ɗaya za ta biyo baya, shiru. Daga ƙarshe wani bakin randa guda, zagayayye, ya gangaro kan tsibin, ya yi ta juyi har ya kwanta a ƙafar Hajiya.

Wata daga cikin matan ta duƙa ta ɗauka, ta leƙa ta cikinsa ta ce, "Hajiya, tawa ce wannan, ko ta Rahmatu?"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki. Hajiya Jummai kaɗai ba ta yi ba. Ta tashi a hankali, ta tako har gaban ƙaninta, ta miƙa tafin hannu.

"Makulli."

"Yaya, ki tsaya ki ji. Laifin ginin ne, ba su gasu da kyau ba. Randar kirki ai..."

"Makulli, Nasidi."

Nan fa ido ya raina fata. Nasidi ya ruga mota ya zare makullin, ya juya wa jama'a baya, ya ɗaga jamfa, ya ɗaure shi a mazagin wandonsa, ƙulli kan ƙulli har uku, ya ja da haƙori. Ya juyo yana haki, idonsa ya yi ja, muryarsa na rawa da gaske wannan karon.

"Ba mai raba ni da shi! Duk namijin da ya isa ya zo ya kwance!"

Maza suka tsaya cirko-cirko, don ba wanda zai kai hannu mazagin dattijo a bainar jama'a. Hajiya kuwa ko a jikinta. Ta kwance bakin zaninta ta ciro rezar da take yanke igiyar kaya.

"Ni na goya ka," ta ce. "Ni na koya maka ɗaura wandon ma."

Kafin ya ce wani abu ta cafko mazagin, ƙyat, ta yanke. Makulli ya faɗo hannunta da ƙullinsa uku. Nasidi ya yi wuf ya tare wando da hannu bibbiyu, ya tsaya a takure, bakin nan da ba ya mutuwa ya mutu. Ya ga makullinsa ya tashi daga hannun yayarsa ya sauka a hannun Bahago. Ya sunkuyar da kai, ya juya, ya kama hanyar gida da ƙananan taku, mutane na buɗa masa hanya.

Bahago ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ya ga giya ta tsage biyu, ya ga abin da ya saura na aksul mai riƙe tayoyin baya, ya miƙe yana jujjuya makullin.

"Hajiya, makulli dai ga shi na karɓa, na gode. Sai dai motar ce babu. Wannan ta gama tafiya a duniya."

Nasidi ya yi taku goma, amma kunnensa na nan. Ya tsaya cak. Ya juyo a hankali, fuskar nan ta washe kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Kun ji da kunnenku!" ya ƙwala da dukan muryarsa. "Daga ni ba wani direba! Ba wanda zai ƙara tuƙa ta har abada!"

Ya ɗaga hannuwansa duka biyu sama don murna, wando ya sauka har idon sawu.